KWANA 22 SUKA HANA YAYATA ZUWA WAJEN MIJINTA

Na san wasunku suna buɗe shafin nan za su ce, "Yau kuma wace soyayyar ta zo mana da ita?" To ku yi haƙuri, yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba. Abu ne da ya faru a gidanmu, a kan idona, kuma sai da na nemi izinin mai shi kafin na ɗora biro a kan takarda. Ta ce min, "Rubuta Auta, in dai wata za ta tsira, amma kar ki sa sunana." Dan haka zan dinga ce mata Yaya kawai, kamar yadda na saba kiranta.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Wata bakwai da aurenta mijinta ya samu tallafin ƙaro karatu a ƙasar Faransa, digiri na uku, dama malamin jami'a ne. Ya tafi ya barta da ƙaramin ciki. Cikin shekarun da ya yi a can sau biyu kacal ya zo gida, dan kuɗin jirgi ba wasa ba ne. Yarinyarsu ta fi sanin babanta a cikin waya fiye da a fili, in ta ga waya a ajiye sai ta ɗauka tana cewa "Abba, Abba." Wallahi in ka gani sai ƙwalla ta cika maka ido.

Ita kuwa Yaya ta sha surutu har ta gode Allah. Yau wannan ta ce, "Ke dai ki zauna, baturiya na nan na dafa masa shayi." Gobe waccan ta ce, "Ai namiji in ya ga farar fata shi ke nan." Ba ta tanka wa kowa, sai dai in dare ya yi in ji tana juyi a kan katifa.

To ana nan, farkon shekarar 2024 ya bugo waya da albishir. An sa masa ranar kare kundin bincikensa, 10 ga watan Yuli. A can al'adarsu a bainar jama'a ake yin wannan zama, iyalin ɗalibi da abokansa suna shiga su zauna su saurara, in an gama a ɗan yi walima. Ya ce ya daɗe yana tara kuɗi a ɓoye dan ta zo ta ga wannan rana. Za ta tashi 28 ga Yuni, ta yi wata guda, ta dawo 28 ga Yuli. Yarinya kuma a bar wa Ummanmu.

'Yar uwa, zo ki ga murna! Aka ɗinka atamfofi da leshi, aka sayo rigar sanyi duk da an ce mata bazara ce a can. Aka yi odar humra da turaren wuta, aka sa ranar ƙunshi da kitso. Umma ta ce ita da hannunta za ta yi wa surukinta dambun nama. Kowa da abin da yake lissafawa. Abu ɗaya ne babu wanda ya lissafa, shi ne ɗan koren littafin nan da ke kwance a ƙasan akwati tun shekarar 2019, lokacin da Yaya ta raka Umma Umara.

Ba wai ba a duba shi ba fa. An duba. Yaya ta buɗe ta ga an rubuta zai ƙare 6 ga Oktoba, 2024. Ta ce, "Alhamdu lillahi, ni da zan dawo a Yuli, ai da saura." Ni ma da nake taƙama da boko na ce, "Sosai ma Yaya, har da rarar wata biyu." Kin ji inda muka yi kuskure.

RANAR DA MUKA JE ABUJA

Sai da muka yi makonni muna dakon samun ranar ganawa a intanet, da ƙyar aka samu a tsakiyar watan Mayu. Ni na raka ta. Muka bar Kano da asuba zuwa Kaduna, muka hau jirgin ƙasa daga Rigasa, muka kwana gidan wata ƙanwar Babanmu. Washegari tun ƙarfe bakwai muna kan layi a wurin karɓar takardun biza. Yaya ta rungume fayil ɗinta kamar jariri: takardar gayyata, takardar aure, bayanan banki, inshora, hotuna, komai tsaf.

Ni a waje aka bar ni. Ko minti arba'in ba a yi ba sai ga ta ta fito, fuskar nan kamar an aiko mata da mutuwa. Na tare ta na ce, "Yaya lafiya? Har an gama?"

Ta miƙo min fasfon hannunta na rawa. Ta ce, "Auta, wai ya mutu."

Na ce, "Wane ne ya mutu? Inna lillahi!"

Ta ce, "Fasfon. Wai ba zai kai ni ba."

Da ta ɗan nutsu take ba ni labari. Matar da ke karɓar takardun ta buɗe fasfon, ta dubi ranar dawowar da ke jikin tikiti, ta ƙirga da yatsunta, sannan ta ce mata cikin mutunci, "Hajiya ki yi haƙuri, ƙa'ida ita ce fasfonki ya kasance yana da sauran wata uku cur bayan ranar da za ki baro ƙasashensu. Za ki baro 28 ga Yuli, ke nan dole ya kai 28 ga Oktoba. Naki zai ƙare 6 ga Oktoba. Sai kin sabunta."

A nan bakin titi na zaro biro na yi lissafi a tafin hannuna. Daga 6 zuwa 28 ga Oktoba, kwana 22. Na ce, "Yaya to a rage kwanakin tafiyar mana." Muka sake ƙirgawa da baya. In ana so fasfon ya isa, sai dai ta baro Faransa ranar 6 ga Yuli, kwana huɗu kafin ranar da za ta je dominta. Ina amfanin baɗi ba rai? Nan Yaya ta zauna a kan dakali ta fashe da kuka, mutane na wucewa suna kallonmu.

Da muka dawo gida magana ta yaɗu. Wata daga dangin mijin ta ce ai sammu ne, an ɗaure mata ƙafa. Wata ta ce a je a karɓo rubutu. Ni dai na ce a raina, addu'a kam ba a barinta, amma wannan ba sammu ba ne, rashin sani ne, wanda Hausawa suka ce ya fi dare duhu. Shi ya sa na ɗaura aniyar sai na san kan wannan al'amari ciki da bai, kuma abin da na koyo shi zan zube muku yanzu.

ME AKE NUFI DA SHENGEN?

Za ki ji ana cewa "bizar Shengen." Shengen sunan wani ɗan ƙauye ne a ƙasar Lukzambok, inda ƙasashe biyar na Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya a shekarar 1985, cewa za su cire shingen bincike a iyakokin da ke tsakaninsu. An fara aiki da ita a 1995. Yau ƙasashe 29 ne a ciki, har da Faransa, Jamus, Italiya, Sifaniya, Holan da Beljiyam. Kuroshiya ta shiga a 2023, Bulgeriya da Romaniya suka zama cikakkun 'yan ciki a farkon 2025. Akwai ma waɗanda ba sa cikin Tarayyar Turai amma suna cikin Shengen, kamar Suwizalan da Nowe.

Ki ɗauke su kamar gida ɗaya mai ɗakuna da yawa, ƙofar zaure ɗaya. In kin shiga ta zauren, kina iya zagaya ɗakunan da biza ɗaya. Shi ya sa suke tsananta bincike a bakin zauren, kuma dokarsu kan fasfo iri ɗaya ce.

Amma ki lura da kyau, Ingila ba ta taɓa shiga wannan gidan ba, kuma ta fice daga Tarayyar Turai ma a watan Janairun 2020. Ayalan ita ma ba ta ciki. Bizar Landan ba za ta kai ki Faris ba, ta Faris ba za ta kai ki Landan ba. Kowacce da tata.

SHARUƊƊA UKU A KAN FASFO

Na farko shi ne wanda ya kayar da Yaya. Dole fasfo ya kasance da sauran rai na aƙalla wata uku bayan ranar da za ki fito daga ƙasashen Shengen. Ki riƙe wannan da kyau: daga ranar dawowa ake ƙirgawa, ba daga ranar tafiya ba. Dalilinsu a fili yake. Mutum na iya kwanciya rashin lafiya, ko jirgi ya samu matsala, ko wani uzuri ya riƙe shi, ba sa so ya zauna musu da mataccen fasfon da ba zai mayar da shi gida ba.

Na biyu, dole a ce an ba da fasfon a cikin shekara goma da suka wuce. Mu 'yan Nijeriya wannan bai cika kama mu ba, tunda namu ba ya wuce shekara goma. Waɗanda ya fi cizo su ne masu fasfon Ingila, domin kafin watan Satumban 2018 in mutum ya sabunta da wuri akan ƙara masa ragowar watannin tsohon a kan sabon, har zuwa wata tara. Bayan ficewarsu daga Tarayyar Turai sai wannan ƙarin ya zame musu tarko a filin jirgi. In kina da 'yan uwa mazauna can, ki tuna musu.

Na uku, dole a samu aƙalla shafi biyu da babu komai a jikinsu, inda za a manna biza. Wannan ya shafi iyayenmu mata 'yan kasuwa masu zirga-zirgar Dubai, Alƙahira da Saudiyya. Fasfo na iya zama da sauran shekara uku amma hatimi ya cinye shafukansa. Haka kuma wanda ruwa ya jiƙa, ko yaro ya yaga, ko mai ya ɓata shafin hoto, shi ma sai an sake. Dan Allah a daina ajiye fasfo a jaka ɗaya da kwalbar humra.

Kuma kar ki ɗauka ko'ina wata uku ne. Ƙasashe da dama wata shida suke nema, ciki har da Saudiyya. Dan haka ni shawarar da na yanke wa kaina ita ce, duk fasfon da ya rage masa ƙasa da shekara guda, to ya shiga layin jinya, a fara shirin sabo.

YADDA SABUNTAWA TA KASANCE

Hukumar Shige da Fice ta Ƙasa ce ke ba da fasfo. Tun 2007 aka koma irin mai ɗauke da bayanai a na'ura, a 2019 kuma aka fito da ingantacce wanda a cikinsa ake samun na shekara goma. Akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai mai shafi 64. Na shekara goma manya ake ba wa, yara kuwa na shekara biyar ne, tunda kamanninsu na saurin canzawa. Iyaye su kula da wannan, sau da yawa na uwa yana da rai na ɗa ya mutu ba a sani ba.

A intanet ake cike takardar nema, a biya kuɗin a can, a zaɓi ofishi da ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Lokacin da Yaya ta yi nata, na shekara goma naira 70,000 ne. A watan Satumban 2024 ya koma 100,000, sannan daga 1 ga Satumban 2025 aka mayar da shi 200,000, mai shafi 32 kuma 100,000, ga masu nema a nan cikin gida. Kin ga ke nan jinkiri ma kuɗi ne. Kafin ki biya ki duba shafin hukumar da kanki, dan farashi ba ya zama wuri ɗaya, kuma kar ki miƙa kuɗinki ga masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa sun san hanya.

To a nan muka sake cin karo da wani dutsen. Yanzu ba a yin fasfo sai da lambar NIN, kuma dole abin da ke cikinta ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi: suna, jerin sunayen, ranar haihuwa. Ita kuwa Yaya tsohon fasfonta da sunan Babanmu aka yi shi tana budurwa, da ta tashi yin NIN bayan aure sai ta sa sunan mijinta a ƙarshe, wai ita soyayya. Na'ura ta ce sam ba ta san zancen ba, waɗannan mutum biyu ne. Sai da aka yi ta kai da kawo, takardar rantsuwa daga kotu, gyaran bayanai, jira a kan jira. Kafin sabon fasfo ya zo hannunta Yuni ya kusa ƙarewa, kuma ranar ganawa mafi kusa da aka samu a watan Agusta take.

Ƙannena 'yan makaranta, ku ne na fi so ku ji wannan. Tun yanzu ki zaɓi yadda ake rubuta sunanki ki tsaya a kai. Kar ki zama A'isha a takardar haihuwa, Aishatu a ta jarrabawa, Humaira a NIN. Kar ki bari a rage miki shekaru a wata takarda a bar su a wata. Ranar da za ki nemi tallafin karatu a waje, waɗannan ƙananan abubuwan su za su tsaya miki a wuya. In kin yi aure ma babu dole sai kin sauya, sunan mahaifinki ya ishe ki ado.

IN AN ZO NEMAN BIZA

Ana iya miƙa takardu tun sauran wata shida a yi tafiya, kuma bai kamata a wuce sauran kwana 15 ba. Yawanci cikin kwana 15 suke yanke hukunci, amma yana iya kaiwa 45. Da mun san haka, da tun Fabrairu muka fara, da ko an dawo da mu akwai lokacin gyara.

Ofishin jakadancin ƙasar da za ki fi daɗewa a cikinta shi za ki nema. In kwanakin daidai suke, sai ƙasar da za ki fara sauka. Kar wani ya ruɗe ki da cewa ki nemi ta ƙasa kaza ta fi sauƙi alhali ba can za ki ba, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Kuɗin biza tun watan Yunin 2024 Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro daga shekara 6 zuwa ƙasa da 12, wanda bai kai 6 ba kyauta, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. In sun duba suka hana ki, kuɗin ba ya dawowa. Sai inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya ɗaukar nauyin aƙalla Yuro 30,000, kuma ta yi aiki a dukkan ƙasashen har ranar dawowarki.

In Allah ya sa an ba ki, kar murna ta hana ki karantawa. Abu biyu ne a jikin biza da mutane ke haɗawa. Akwai tsawon ranta, daga rana kaza zuwa rana kaza. Akwai kuma adadin kwanakin da aka yarda ki zauna. Tana iya zama ta wata shida amma kwana 30 kawai aka ba ki. Ki duba kuma ko shiga ɗaya ce ko mai yawa, ki duba sunanki da lambar fasfonki tun kafin ki bar wurin.

LISSAFIN KWANA 90

Bizar ziyara ba ta wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Wannan ya fi shafar iyayenmu masu zuwa zaman jegon 'ya'yansu. Ga misali mai sauƙi. A ce Hajiya ta shiga 1 ga Janairu ta zauna har 31 ga Maris, a shekarar da Fabrairu ke da kwana 28. Ta cinye kwana 90 ɗinta cif. Ko da bizarta ta shekara biyu ce, ba za ta sake shiga ba sai 30 ga Yuni. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Kuma tsallakawa daga Faransa zuwa Jamus ba ya sabunta lissafi, ai na ce miki gida ɗaya ne.

Da can hatimi ake bugawa a fasfo, jami'i ya ƙirga da ido. Daga 12 ga Oktoban 2025 suka fara wani sabon tsari na kwamfuta a iyakokinsu, wanda aka tsara kammala shimfiɗa shi a watan Afrilun 2026. Ana ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, na'ura ta rubuta ranar shigarki da ranar fitarki. Yara 'yan ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukar yatsunsu. Wadda ta wuce wa'adi ko da kwana kaɗan ne na'ura ta gani, kuma hakan na iya jawo tara, ko hana shiga, ko a ƙi ba ta biza nan gaba.

Wadda kuwa za ta tare gidan miji a can, ko za ta karatu mai tsawo, ba wannan bizar za ta nema ba. Akwai ta dogon zama, kuma kowace ƙasa da nata sharuɗɗan. Kar ki tafi da ta ziyara da niyyar in kin je kya san yadda za ki yi.

A BAKIN ZAURE

Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce, mai gadi na da ikon tambaya. Jami'in kan iyaka na iya cewa ki nuna tikitin dawowa, adireshin inda za ki sauka, takardar gayyata, inshora, da shaidar kuɗin da za ki ci abinci. Duk ki sa su a jakar hannu, kar ki tura su cikin babban akwati. Ki kuma haddace sunan garin da lambar wayar mai masaukinki.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne, mai fasfon Nijeriya ko na Gana, ko da canjin jirgi kawai zai yi a filin jirgin wata ƙasar Shengen a hanyarsa ta zuwa wani wuri, yana buƙatar bizar ratse, sai dai in yana riƙe da irin bizar da ta ɗauke masa, kamar ta Amurka ko Kanada mai rai. A tambaya kafin a yanki tikiti mai araha.

In kuma kin sabunta fasfo alhali akwai biza mai rai a cikin tsohon, kar ki yar da shi. Ki roƙi jami'ai kar su ɓata shafin bizar, ki tafi da su biyun a haɗe. Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2014 cewa irin wannan bizar tana nan da ƙarfinta.

Shi kuwa dambun naman Umma, ashe ko da tafiyar ta yiwu a filin jirgi za a ƙwace shi. An hana matafiyi shiga Tarayyar Turai da nama ko madara da abin da aka yi da su daga ƙasashe irin namu. Kilishi, dambu, man shanu, duk suna ciki. Da na gaya wa Umma sai ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni 'yasu! Har kilishin ma sai da biza?"

YADDA TA ƘARE

Ranar 10 ga Yuli muka taru a ɗakin Umma. Wani abokinsa ya riƙe masa waya muna kallo daga nan. Ba ma jin abin da ake faɗa sosai, amma mun ga lokacin da malaman suka miƙe tsaye, ɗakin ya ɗauki tafi. Yaya ta ci kwalliya da leshin da ta ɗinka dan wannan rana, ga ƙunshinta ja da baƙi, tana dariya hawaye na zuba. 'Yarta na kan cinyarta tana ta miƙa hannu tana kiran Abba.

Da dare ya kira ta. Ni dai ba laɓe na yi ba, muryar ce ta fito. Ta ce, "Ka yafe min, sakacina ne ya jawo." Ya ce, "Haba uwargida, ni ne nake zaune a ƙasar, ni ya kamata in ce ki karanto min ranar da ke jikin fasfon tun farko. Kujerarki na nan a layin gaba, ban bari kowa ya zauna a kai ba." Na ja bargo na rufe kaina, dan ni ma nawa idon ya kawo ruwa.

A watan Satumba ya dawo gida gaba ɗaya, shi kaɗai da akwatunan littattafansa, babu baturiya babu dalilinta. Masu surutu suka yi tsit. Sai dai ranar nan ta wuce, ba za ta dawo ba, kuma har yau in aka yi zancen Faransa sai Yaya ta yi shiru na ɗan lokaci.

Ni kuwa tun daga nan na zama sarkin fasfo a gidanmu. Na tattaro na kowa, na rubuta ranar ƙarewarsu a bayan kalandar ɗakin Umma. A nan na gano nata ita ma ya riga ya mutu, tunda tare suka yi da Yaya, ga shi tana ta tanadin Umarar azumi. Muka sabunta shi cikin kwanciyar hankali, ta je ta dawo lafiya.

Dan haka 'yar uwa, in kin ajiye mujallar nan, tashi ki buɗe akwati. Kar ki ce ai yana hannun Baba, ko maigida ne ya san wannan, ko ejan zai duba. Hotonki ne a ciki, sunanki ne a ciki. Ki duba ranar ƙarewa, ki cire wata uku in Turai ce, wata shida in Saudiyya ce, abin da ya rage shi ne ainihin ran fasfonki. In ba ki da shi tukuna, ki duba na Ummanki, ki kuma gyara sunanki a takardunki tun kina aji. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sada kowacce da alherinta, ya kai mu inda muke buri lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wadda ta taɓa gamuwa da irin wannan ta rubuto mana ta adireshin mujalla, domin wasu su ƙaru. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum, Autar Umma.